Kujera Ta Goma Sha Uku

Dattijo Bronisław ya shigo ofishina a Tarnów,
takalmi duk laka, igiya a aljihu,
igiyar da ya auna tsohon teburinsa da ita.
Ya shimfiɗa ta a kan zanena, ya ce,
"Jagoda, gida kika zana ko akwati?
Fara da wannan. Bango ya biyo baya."

Na ce, baba, ba a gina gida don dare ɗaya.
Ya ce, "Don dare ɗaya ake gina shi.
Sauran dararen haya suke zama."

To, na ɗauki abin gogewa.

Na ɗaga rufin falo da kamu guda,
don bara sai da suka fille kan bishiyar Kirsimeti
kafin ta yarda ta tsaya,
tauraron samanta ya kwana a karkace.
Na sa soket shida a ƙarƙashin indararo,
kada jikansa Kacper ya sake hawa tsani a kan ƙanƙara
yana jan waya ta tagar banɗaki.

Na zana shawa. Ya ce baho.
"Ina kifin zai kwana?"
Kwana biyu yake iyo a ciki kafin jajibiri,
yara su raɗa masa suna,
ranar ci kuma su ce sun ƙoshi.

Kicin ƙofa biyu, ta shiga da ta fita:
girki kala goma sha biyu ne,
kuma Halina da ƙanwarta ba su taɓa haɗuwa a ƙofa
jar miya ta tsira ba.
Taga ɗaya ta gabas, ƙasa-ƙasa,
daidai haɓar ɗan shekara biyar,
don ba mai taɓa cokali
sai yaro ya hango tauraron farko ya yi ihu.

Sai muka zo kan kujeru.
Na ƙirga, ku goma sha biyu ne.
Ya ce sha uku.
Na san al'adar, a gidanmu ma ana yi:
faranti guda na baƙon da dare ya kama a hanya.
Amma faranti daban, kankare daban.
Santimita sittin a bangon nan kuɗin murhu ne.
Na ce, sau nawa aka taɓa ƙwanƙwasawa?
"Shekara arba'in da ɗaya, ko sau ɗaya."
To?
"Marigayiya Bogumiła ta ce,
ranar da muka ɗauke farantin, ranar zai zo."

Na ce na ji.
Da ya fita na rage goma, na rubuta hamsin.
Wa zai auna wurin wanda ba ya zuwa?

Hunturu biyu suka wuce.
Ranar ashirin da huɗu ga Disamba
jirgin ƙasan garinmu ya ƙi tashi, dusar ƙanƙara ta rufe layi.
Ina da takardun ƙarshe a jaka,
na ce bari in miƙa in wuce.
Fitilu shida-shida a ƙarƙashin indararo,
hancin yarinya manne da tagar gabas.
Na ƙwanƙwasa.

Shiru ya sauka a ciki, kamar an ɗauke wuta.
Sai muryar Kacper: "Kaka! An zo!"

Ba wanda ya karɓi takardun.
Aka zare mini rigar sanyi, aka kai ni ƙurya.
Busasshiyar ciyawa na ƙara a ƙarƙashin mayafin tebur,
bishiya a miƙe, kanta da sauran sarari,
Halina ta fito ta ƙofar fita, miya ba ta zube ba.

Na ɗaga cokali,
gwiwar hannuna ta daki bango.
Na sake ɗagawa, ta sake daka.
Dattijo ya dube ni, ya dubi bangon,
ya tura mini kifi.
"Ci da hagu," in ji shi,
"baɗi kya zo da guduma."